Me ya sa 'yan kallo suka rabu a kan fim ɗin Amadeus?

Tambaya: Na kalli Amadeus, fim ɗin da aka yi a kan rayuwar Mozart, shahararren mai tsara kiɗan nan na Turai, ya kuwa burge ni matuƙa. Da na bi abin da mutane ke cewa sai na tarar wasu na cewa ba a taɓa fim ɗin makaɗi kamarsa ba, wasu kuma na cewa ƙazafi ne aka yi wa matattu biyu. Wa ke da gaskiya? Kuma me ke sa irin waɗannan finafinai jawo ka-ce-na-ce?

Amsa: Malam, masu cewa an yi ƙazafi sun yi gaskiya a kan Salieri, makaɗin fada da fim ɗin ya nuna yana yi wa Mozart hassada har ya ƙulla halaka shi, amma a kan Mozart rabin gaskiya suka faɗa. Masu yabo kuma ba makafi ba ne. Waɗanda suka shirya fim ɗin sun tsare amanar kiɗan sosai, sun kuma saki tarihi sakaka, da gangan. Wanda ya shiga kallo da kunne ya fito yana murna, wanda ya shiga da littafin tarihi ya fito yana tsaki. Daga nan rigimar ta samo asali.

Tun kafin a yi fim ake wannan gardama. Peter Shaffer ya fara rubuta labarin ne a matsayin wasan daɓe, aka nuna shi a Landan a 1979, Paul Scofield ya fito a Salieri, Simon Callow ya fito a Mozart. Peter Hall, wanda ya ba da umarnin wasan, ya ba da labarin yadda Firaminista Margaret Thatcher ta kalla ta nuna masa rashin jin daɗinta, don a ganinta wanda ya tsara kiɗa mai tsabta irin wannan ba zai zama mai ƙazamin baki ba. Hall ya ce mata wasiƙun Mozart na nan sun tabbatar, ta ƙi yarda. Ka riƙe wannan, domin shi ne ƙorafin farko da har yau ake maimaitawa, kuma shi ne mafi rauni a cikinsu. Wasiƙun da Mozart ya aika wa 'yar baffansa Maria Anna Thekla a 1777 da 1778 cike suke da barkwancin kashi da tusa, kuma irin wannan wasa ya zama ruwan dare a gidansu, har mahaifiyarsa na yi. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya ɗauki wannan ɓangare ɗaya ya hura shi, ya ɗora masa dariyar nan mai kama da haniniya da Tom Hulce, jarumin da ya fito a Mozart, ke yi, har ya rufe sauran halayen mutumin. Mozart na gaskiya ya iya zama da manya, yana jin Italiyanci da Faransanci, ya san yadda ake cinikin aiki da masu buga takardun kiɗa. Wawa ba zai tsara opera, wato wasan daɓe da ake rerawa da kiɗa, mai ɗaukar awa uku da 'yan wasa goma sha ɗaya ba.

Fim ɗin, wanda Milos Forman ya ba da umarni, ya fito a 1984. An zaɓe shi sau 11 a takarar kyautar Oska, ya lashe 8, ciki har da ta gwarzon fim. Hulce da F. Murray Abraham duka sun shiga takarar gwarzon jarumi, Abraham da ya fito a Salieri ya ɗauke. Faifan kiɗan fim ɗin ya samu kyautar Grammy, ya kuma shiga jerin faifan da aka fi saye a Amurka tare da na mawaƙan zamani, abin da ba kasafai kiɗan gargajiyar Turai ke samu ba. Mutanen da ba su taɓa taka zauren opera ba suka koma neman Mozart a kantin faifai. Wato a wajen gama-garin 'yan kallo ba a ma rabu ba, an karɓe shi hannu bibbiyu. Rabuwar ta fi ƙarfi tsakanin masana tarihin kiɗa da su makaɗan kansu, kuma abin mamaki makaɗan ne suka fi yi masa sassauci.

Dalili shi ne yadda aka yi aikin. A mafi yawan finafinai sai an gama ɗauka an tace, sannan a kira mai kiɗa ya cike gurbi. A nan an juya tsarin. Neville Marriner da okestrarsa, Academy of St Martin in the Fields, sun naɗi kiɗan tun kafin a kunna kyamara, bisa sharaɗin da Marriner ya gindaya cewa ba za a sauya wa Mozart ko sauti ɗaya ba. A wajen ɗauka sai a saki kiɗan a lasifika, 'yan wasa su bi shi, mai tacewa kuma ya yanka hoto daidai inda jimlar kiɗa ta ƙare. Shi ya sa ba ka jin an datse waƙa a tsakiya don kawai an sauya fitowa, laifin da ya fi ɓata wa makaɗa rai a finafinai.

Sai batun hannu. Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Idan yatsa ya sauka a kan fiyano ya saɓa da sauti da hoto biyu ko uku kacal, wanda ya taɓa koyon fiyano zai gani, domin sautin fiyano bugu ne, yana da farko mai kaifi kamar na kalangu. Hanyoyin da ake bi uku ne. Ko a ɓoye hannun bayan jikin fiyano a nuna fuska da kafaɗa, ko a kawo ƙwararre a ɗauki hannunsa shi kaɗai a haɗa, ko kuma jarumin ya haddace motsin yatsu ya danna madannan da aka kashe wa sauti. Ta farko ba ta da tsada, amma kafaɗa kan tona asiri, sai ka ga kiɗa ya haura can dama alhali jikin jarumi na karkace hagu. Ta biyu tana ɓaci idan kaurin yatsu ko launin fata ya bambanta, kuma mai kallo na lura cewa ba a taɓa nuna fuska da hannu a hoto ɗaya ba. Ta uku ce mai wuya, ita Hulce ya bi. Ya shafe watanni yana atisaye na sa'o'i a kullum, don kyamara ta iya saukowa daga fuskarsa zuwa yatsunsa ba tare da yanka ba. A kayan tsirkiya irin su bayolin da calo abin ya fi haka wuya, domin dole sandar gogawa ta juya daidai lokacin da sauti ya juya, yatsun hagu kuma su yi karkarwa lokacin da sautin ke karkarwa. Mawaƙi kuwa numfashi ke kama shi: murya ta ja dogon sauti, ƙirji bai cika da iska ba, jijiyar wuya kwance.

Akwai abin da ya fi daidaiton hannu, wanda a ganina shi ya sa makaɗa suka yafe wa fim ɗin sauran laifukansa. Ya koya wa mutane saurare. Ka tuna inda tsoho Salieri ke bayyana wa limamin coci kiɗan busa na Mozart: a ƙasa wasu kayan busa masu kauri na ta numfashi kamar zugazugi, sai obo ta shigo da sauti ɗaya tak a sama ta riƙe, sai kilarinet ta karɓa. Yana faɗa, kana jin kowane yana shigowa. Haka a daren ƙarshe, Mozart na kwance yana shifta, Salieri na rubutawa: muryoyin maza da farko, sai ƙahonni, sai ganguna, sai kayan tsirkiya da ke gudu a ƙasa, sannan muryoyin mata su shigo a hankali. An warware kiɗan zare-zare, sannan aka mayar aka saƙa a kunnenka. Malaman kiɗa da yawa na nuna wa ɗalibai wannan fitowa, alhali sun san sarai ba ta taɓa faruwa ba.

Ko a nan ɗin ma akwai masu gunaguni. Shekarun da fim ɗin ya fito su ne lokacin da masu kaɗa Mozart da kayan zamaninsa ke tashe, irin su Christopher Hogwood. Okestrar Marriner kayan yau take amfani da su. Fiyanon Mozart na katako ne, madannansa wajen 61, gudumominsa an naɗe su da fata, sautinsa siriri mai saurin mutuwa. Na yau madannai 88 gare shi da ƙashin ƙarfe. To a fim ido na ganin tsohon kaya, kunne kuma sau da yawa na jin sabo. Haka kuma an nuna Mozart tsaye yana kaɗa hannuwa gaban okestra kamar madugun kiɗa na yau, alhali a zamaninsa daga kan kujerar fiyano ake jagorantar opera. Waɗannan ƙorafin 'yan gida ne, kuma ba su hana kowa barci ba. An kuma rufe bakin da dama da wurin ɗauka: a Firag aka yi aikin, cikin ainihin gidan wasan da Mozart ya fara nuna operarsa Don Giovanni ranar 29 ga Oktoba 1787, da hasken kyandir.

Inda gizo ke saƙa shi ne Salieri. An haife shi a Legnago ta Italiya a 1750, ya girmi Mozart da kusan shekara shida kacal, ba tsoho da yaro ba ne. An kawo shi Biyana, babban birnin Ostiriya, yana matashi maraya, ya zama mai tsara kiɗan fada a 1774, ya zama sarkin makaɗan fadar Sarki Yusufu na Biyu a 1788, ya riƙe muƙamin har 1824. Fim ya nuna shi gwauro da ya yi wa Allah alkawarin ƙaurace wa mata don a ba shi baiwa. A gaskiya yana da mata da 'ya'ya takwas. Fim ya nuna shi mai matsakaicin hannu wanda duniya ta manta da shi tun yana raye. A gaskiya operarsa ce aka buɗe gidan La Scala na Milan da ita a 1778, an yi ta nuna ayyukansa har Faris, kuma Beethoven da Schubert da Liszt duk sun zauna gabansa ɗaukar darasi. Har ɗan autan Mozart, Franz Xaver, ya yi karatu wajensa. Da matar Mozart na zargin shi ya kashe mata miji, da wuya ta bari ɗanta ya je hannunsa.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kishi ya wanzu. Wanda ya san zaman makaɗan fada ya san ubangida ɗaya ne, kujeru kaɗan ne, kowa na neman kunnen sarki. Italiyawa ne suka riƙe opera a Biyana, kuma a wasiƙun Mozart da na mahaifinsa Leopold akwai ƙorafin cewa Salieri da mutanensa na ƙulla masa tuggu. A 1781 an nemi mai koya wa wata gimbiyar Württemberg kiɗa, Salieri ya samu, Mozart ya rasa. A watan Fabrairun 1786 sarki ya sa kowannensu ya kawo gajeren wasa a fadar Schönbrunn a dare ɗaya, aka biya Salieri ninkin abin da aka biya Mozart. Amma a 1785 sun haɗa hannu sun tsara waƙa ɗaya don murnar warkewar wata mawaƙiya, takardar ta ɓata har sai da aka gano ta a wani gidan tarihi a Firag, aka sanar a 2016. Kuma ranar 14 ga Oktoba 1791, ƙasa da wata biyu kafin rasuwarsa, Mozart ya rubuta wa matarsa cewa ya ɗauko Salieri a keken doki ya kai shi kallon sabuwar operarsa, Salieri ya yi ta yabawa tun daga farko har ƙarshe. Abokan sana'a ne masu gasa, yau a ɓata, gobe a shirya.

Jita-jitar cewa Salieri ya sa wa Mozart guba ta yi ƙarfi ne a Biyana wajen 1823, lokacin da Salieri ya tsufa hankalinsa ya gushe aka kwantar da shi asibiti. Tsohon ɗalibinsa Ignaz Moscheles ya ziyarce shi, ya ruwaito cewa tsohon ya musanta zancen ya roƙe shi ya gaya wa duniya. Pushkin na Rasha ya mayar da jita-jitar gajeren wasa a 1830, daga baya Rimsky-Korsakov ya yi mata opera, Shaffer ya gada daga nan. Ga wani abin lura: fim ɗin bai nuna guba ba ko sau ɗaya. Dabarar Salieri a ciki ita ce ya sa tufafin da ke tuna wa Mozart mahaifinsa, ya ba shi kwangilar waƙar addu'ar mamaci, ya bari aiki da tsoro su cinye shi, sannan ya ce shi ya tsara. Duk da haka ka tambayi waɗanda suka kalla shekarun baya, da yawa za su rantse maka an sa guba. Mai kallo ba ya tafiya gida da dalla-dallar labari, hukunci yake tafiya da shi, hukuncin kuma shi ne Salieri ya kashe Mozart. Wannan ne ya fi ci wa masana tarihi tuwo a ƙwarya.

Labarin kwangilar ɓoye kuwa gaskiya ne, mai laifin aka musanya. Wani basarake mai suna Franz von Walsegg ne ya aiko ɗan saƙo ba tare da bayyana kansa ba, bayan rasuwar matarsa a Fabrairun 1791. Ɗabi'arsa ce ya sayi kiɗa a ɓoye ya kwafe da hannunsa ya nuna kamar nasa, haka kuwa ya yi da wannan a Disambar 1793. Mozart ya kwanta ciwo wajen 20 ga Nuwamba, ya rasu ranar 5 ga Disamba 1791 yana da shekara 35, matarsa da ƙanwarta na tare da shi, ba Salieri ba. A rajista an rubuta zazzaɓi mai tsanani da ƙuraje. Ramin da aka nuna ana jefa shi tare da wasu gawarwaki cikin ruwan sama ya sa dubban mutane hawaye, amma binne shi a kabari marar alama a maƙabartar St Marx bin ƙa'idar Biyana ce ta lokacin ga duk wanda ba basarake ba, ba shaidar an yasar da shi ba ce. Bashi kam ya ci, wasiƙunsa na roƙon rance ga ɗan kasuwa Michael Puchberg suna nan. Sai dai yana samun kuɗi masu kauri, hannunsa ne ba ya riƙo, yaƙin da Ostiriya ta shiga da Turkiyya a 1788 kuma ya rage masu zuwa kallo.

Ƙaryar da ni na fi ganin illarta ba ta Salieri ba ce, wadda 'yan kallo suka fi so ce: cewa kiɗa na sauko wa Mozart a kammale, yana kwafa kawai ba gyara. An samu ɗaruruwan takardun gwajinsa, da ayyukan da ya fara ya ajiye shekara da shekaru kafin ya ƙarasa. Shi da kansa, a sadaukarwar kiɗa shida da ya yi wa mai tsara kiɗa Haydn a 1785, ya ce sakamakon doguwar wahala ne. Mahaifinsa ya fara horar da shi tun yana ɗan shekara huɗu. Ɗalibin da ya ɗauka baiwa haka take, ranar da ya ga yana gogewa yana sakewa sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi Salieri ne, ya ajiye.

Shaffer da Forman ba su ɓoye ba, sun sha faɗa cewa ƙirƙira ce aka gina a kan tarihi. Sun kuma tanadi mafita a cikin tsarin labarin: duk abin da ka gani daga bakin tsoho Salieri ne da ke gidan mahaukata, wanda hassada ta ci. Mozart mai haniniya shi ne Mozart a idon maƙiyinsa. Hujja ce mai kyau a takarda, amma a sinima ba ta aiki sosai, domin bayan minti goma mai kallo ya manta wa ke ba da labari, abin da ido ya gani shi ne ya faru.

Game da tambayarka ta biyu, in ka jera irin waɗannan finafinai za ka ga zafin rigima ba ya bin yawan ƙarya, yana bin ko akwai rayayyen da abin ya taɓa. Salieri ya rasu tun 1825, ba wanda zai kira 'yan jarida a madadinsa. Fim mai suna Shine na 1996, a kan ɗan fiyanon Ostireliya David Helfgott, ya ba Geoffrey Rush Oska, amma yayar Helfgott, Margaret, ta fito ta ƙaryata yadda aka nuna mahaifinsu a matsayin azzalumi, har ta rubuta littafi. Da Helfgott ya zagaya Amurka a 1997, zaure na cika maƙil ana tafi a tsaye, masu sharhin kiɗa kuma na cewa kiɗan bai kai ba: jama'a labarin suka zo yi wa tafi. Hilary and Jackie na 1998, a kan mai calo Jacqueline du Pré da ta rasu a 1987, ya sa manyan makaɗan da suka yi aiki da ita, ciki har da Menuhin da Rostropovich da Perlman, suka sa hannu a wasiƙar jarida cewa wannan ba matar da suka sani ba ce. A Maestro na 2023 kuwa, mutanen waje ne suka tayar da ƙura kan hancin roba da Bradley Cooper ya sa don ya yi kama da Leonard Bernstein, 'ya'yan Bernstein uku suka fito suka kare shi, ƙurar ta lafa. Duk waɗannan ba su kai Amadeus sauya tarihi ba, amma biyu na farko sun fi shi shan suka mai zafi.

Shi ma Salieri bai tashi a tutar babu ba. Sunan da sai masana suka sani ya shiga bakin kowa, mawaƙiya Cecilia Bartoli ta fitar da faifan waƙoƙinsa zalla a 2003, kuma da aka sake buɗe La Scala bayan gyara a Disambar 2004, operarsa ta 1778 aka dawo da ita.

Ka kuma duba wane kwafi ka kalla, don yana sauya ra'ayi. Na sinima minti 160 ne. Wanda aka fitar a 2002 ya kai wajen 180, an ƙara fitowar da Salieri ya wulaƙanta matar Mozart da ta zo neman alfarma. Ƙarin ya bayyana dalilin tsanar da take nuna masa a ƙarshe, amma ya mayar da shi mugu tsantsa, ya kuma rage tausayin da ke sa mai kallo ya ga kansa a cikinsa. Da yawa cikin masoya fim ɗin sun fi son gajeren, ni ma shi zan ce ka nema.

In kuma kana son ka taɓa iyakar abin da Mozart ya bari da hannunsa, nemi waƙar addu'ar mamacin, Requiem, ka je sashen da ake kira Lacrimosa, wanda aka saka a fitowar jana'iza. Kayan tsirkiya za su fara su kaɗai na gaɓa biyu, wato ma'aunin bugun kiɗa, muryoyi su shigo, su yi ta hawa mataki-mataki har su kai ƙololuwa a gaɓa ta takwas, ƙasa da minti ɗaya da farawa. A nan rubutun Mozart na wannan sashe ya tsaya. Abin da ya biyo baya har zuwa amin, almajirinsa Franz Xaver Süssmayr ne ya ƙarasa, bisa roƙon matar marigayin da ke buƙatar cikon kuɗin kwangila.